Wankan Karsanar Malam Sha'ibu

Malam Sha'ibu yana tsakiyar wanke motarsa rana ta leƙo ta bayan rumbuna. Ya riga ya gama da tayoyi, ya cuɗa ƙofofi, ya ɗauraye bayanta inda buhuna suke zama, yanzu ya iso wurin da ya fi so. Ya ɗaga murfin inji ya tokare shi da tsohuwar sandarsa ta kiwo, ya yi bisimilla, ya ɗebo ruwa da ƙoƙo ya kwarara tun daga sama a hankali, kamar ungozoma da jaririn kwana ɗaya. Ruwa ya bi lungunan ƙarfe, ya shige duk inda ya ga ƙofa, wanda ya ga dama ya ɗigo ƙasa, wanda bai ga dama ba ya yi zamansa a ciki.

"Yi haƙuri, Karsana," in ji shi. "Yau ma mai ɗumi na sa aka yi maki. Likitanki na tafe, ba ya same ki da datti ba."

Karsana farar akori-kura ce da ta ga jiya ta ga yau. Kafin ta zo hannunsa ta yi wa mutane da dama bauta, kowa ya bar mata tabo. Shi kaɗai yake kiranta Karsana. Sauran mutanen Daudawa, daga masu shayi har liman, Guzuma suke ce mata, amma ba a gabansa ba.

Wanda bai san Malam Sha'ibu ba zai ɗauka wauta ce ta sa shi zuba wa inji ruwa kowace safiya. Wanda ya san shi ya san gado ne. Mahaifinsa, marigayi Baba Audi, mai shanun huɗa ne, kuma magana ɗaya ya bar wa ɗansa wadda ba ta taɓa fita daga kunnensa ba: dabbar da za ta yi maka wuni, kada ka fito da ita da dattin jiya. Da wannan magana Sha'ibu ya tashi. Kullum da sassafe yana bakin rafi da bijimai biyu, yana cuɗa su da soso, yana cire masu kaska, yana yi masu hira. Da damina su yi huɗa, da kaka su ja amalanke cike da auduga. Bijimansa har ƙyalli suke yi, in sun shigo kasuwa sai ka ce su ma sun zo cefane.

Haka ya yi ƙuruciyarsa, haka ya yi aure, haka furfura ta same shi, har shekarar da mutanen daji suka shigo gefen gari suka kore shanun unguwa gaba ɗaya, nasa biyu a ciki. Washegari ya fito da bokiti kamar yadda ya saba, ya tsaya a gaban turke biyu da babu kowa a kansu. Bai yi kuka ba. Ya dai tsaya har rana ta ɗaga.

Abin da ya biyo baya matarsa Suwaibatu ce ta fi kowa saninsa, don a kanta ya ƙare. Mutumin da hannunsa ya saba da wanka ya rasa abin wankewa, sai ya juyo cikin gida. Ya wanke ƙyauren zaure. Ya wanke keken maƙwabci ba a roƙe shi ba. Ya bi turminta da ruwa safe da yamma har turmin ya kumbura ya tsage. Abinci kuwa sai ya sa hannu ya cire, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ganin haka ɗansu Mas'udu, mai sayar da hatsi a Funtua, ya haɗa kai da 'yan'uwansa aka sayo wa tsohon wannan mota.

Ya koyi tuƙi da furfurarsa. Ranar farko da ya so tsayawa, maimakon ya taka birki sai ya daka mata tsawa irin ta shanu, ita kuwa ba ta san wannan yare ba, ta bi ta cikin dangar maƙwabci ta tsaya a gindin kuka. Amma a hankali suka fahimci juna. Ya zama duk ranar kasuwa Malam Sha'ibu ne ke kwasar masara da dawa da waken suya zuwa Faskari, zuwa Ƙanƙara, wani lokaci har Sabuwa, masu kaya suna zaune a kan buhunansu kamar kaji a kan danga. Ƙiba ta dawo masa. Turmin da aka sake saye ya zauna lafiya.

Sai Karsana ta kamu da ciwon safe. In an tayar da ita sai ta yi tari, ta yi karkarwa, bututun hayaƙinta, wato salansa, ya riƙa harbi kamar ana bikin maharba. Ta fita gari tana ɗingishi, a kan tudu ta yi kamar za ta roƙi gafara. Amma da hantsi ya ɗaga, rana ta gasa ta, sai ta warke sumul kamar ba ita ba. Malam Sha'ibu ya ce sanyin wanka ne, ko bijimi yakan yi makyarkyata in ya fito daga rafi. Maganin da ya ga ya dace shi ne ya riƙa sa Suwaibatu tana ɗumama ruwan.

Makanikensa Ɗanlahadi ne, mutumin Ketare mai gareji a Ƙanƙara. Tun Ɗanlahadi yana saurayi Malam Sha'ibu yake yi wa gidansu huɗa, saboda haka akwai wasa da girmamawa a tsakaninsu. Ranar Lahadi ba ya taɓa sufana, yana coci, sauran ranaku kuwa hannunsa ba ya rabo da baƙin mai. Ya faɗa wa Malam Sha'ibu gaskiya tun ba yau ba.

"Malam, ruwan nan da kake zuba mata shi ke kashe ta."

"Kai Ɗanlahadi, ji mani magana. Ba kai ka nuna mani inda ake ɗura mata ruwa a gaba ba? Abin da ke shan ruwa da bakinshi, ta yaya zai ƙi shi a jikinshi?"

"Kai ma kana shan kunu, Malam. In kwarara maka shi a kunne?"

Malam Sha'ibu ya yi dariya, ya ce yaran zamani ba su da ta ido, ko da yake shi ma Ɗanlahadin furfura ta fara cin gemunsa. Washegari ya ci gaba da wankansa.

Abin ya daina zama abin dariya ranar da suka nufi Sabuwa da sassafe. A daidai inda daji ya matso ya rungumi hanya, inda direbobi kan yi shiru su ƙara wuta, nan Karsana ta yi tari ta mutu. Masu zama a kan buhuna suka ɗauki salati, kowa idonsa a cikin itatuwa. Maza da mata aka diro aka tura ta, har wata tsohuwa mai kwandon daddawa ta sa kafaɗa. Allah ya tsare, ta tashi, babu abin da ya fito daga dajin sai wata fakara. Amma kafin Malam Sha'ibu ya dawo gida labari ya riga shi, kuma a hanya labarin ya yi ƙiba.

Suwaibatu ta kira Mas'udu a waya, uwa da ɗa suka yanke hukunci, aka karanta wa Malam shi bayan ya ci tuwo. Ranar kasuwa mai zuwa, in Karsana ta tashi da safe ba tari ba ɗingishi, shi ke nan. In ta yi ko da atishawa ce, makulli ya koma hannun Mas'udu, akwai wani a Funtua da yake son ƙarafunanta. Kasuwar kuwa gobe ce. Shi ya sa yau ake jiran Ɗanlahadi, shi ya sa kuma aka yi wa marar lafiya wanka na musamman.

Da hantsi Ɗanlahadi ya iso a kan babur, jakar kayan aiki a bayansa. Ya gaida Malam Sha'ibu, ya leƙa zaure ya gaida Suwaibatu, sannan ya zo gaban mota ya ga inji yana ɗiga. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Malam, mi nike gani haka?"

"Tsafta."

"Na ce maka ka bar ta ta huce kafin in zo. Ban ce ka jiƙa ta kamar gero za a kai niƙa ba."

"Ai ta huce. Taɓa ka ji."

Ɗanlahadi ya mayar da hularsa. Ya fara cire kan batir, ya ce ba ya son wuta ta gaishe shi. Sannan ya nuna wasu baƙaƙen abubuwa guda huɗu da suke jere a saman inji kamar 'yan sahun gaba, ya ce su ne koyil, kowane yana zaune a kan fuloginsa. Ya zare wayar na farko, ya kwance noti da sufana, ya murɗa ya zaro shi. Sai ga shi ya fito da wata doguwar roba a gindinsa, kamar hannun ludayi, tana zubar da ruwa. Ɗanlahadi ya leƙa ramin da ta fito, ya yi fito.

"Malam, zo ka ga rijiya. In ka sa guga a nan sai ka shayar da akuya."

Ya lanƙwasa robar a gaban idon Malam Sha'ibu. Duk jikinta ya tsattsage, ga wasu fararen layuka sun bi ta kamar sawun tsutsa.

"Ka ga wuta daga koyil take tasowa. Cikin robar nan akwai wani siririn sifirin, ɗan murɗaɗɗen ƙarfe, shi take bi ta sauka kan fulogi. Robar ita ce rigarta. To riga ta tsufa ta yage, kai kuma kullum kana cika ramin da ruwa. Wuta sai ta bi ruwa ta tafi yawonta, fulogi na ƙasa yana jira kamar mai azumi. Sai rana ta yi, ruwa ya ƙafe, sannan ta dawo hanya. Waɗannan fararen layukan sawunta ne."

Malam Sha'ibu ya karɓi robar ya jujjuya. "Wannan ai faso ne," in ji shi. "Faso kau jiƙa shi ake yi a goge da dutse."

"Allah ya ba Hajiya haƙuri," in ji Ɗanlahadi.

Daga bakin zaure, inda take zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana tsinkar zogale, Suwaibatu ta ce, "Amin."

Ɗanlahadi ya murɗe tsohuwar robar ya cire, ya ja sifirin da ke ciki. Tsatsa ta cinye shi har ya yi kore, ya karye a hannunsa kamar busasshiyar taliya. Ya cusa tsumma a ramin da kara ya tsane ruwan, ya bi shi da famfon keke yana hurawa har ya bushe. Sannan ya kwance wata leda da ya sa aka kawo masa daga Kano, sababbin robobi huɗu da sifirin huɗu, babu ƙari ko ɗaya. Ya zaunar da sabon sifirin a bakin koyil, ya zura masa roba yana murɗawa har ta kama, ya lakato wani farin giris kaɗan ya shafa a bakinta, ya mayar cikin ramin ya danna har aka ji ta ce ƙwas a kan fulogi. Ya ɗaure noti, ya mayar da waya, ya koma na gaba. Ɗaya bayan ɗaya yake yi, ba ya buɗe rami sai ya rufe na baya. Tsofaffin sifirin kuwa babu wanda ya fito da ransa, duk gutsi-gutsi aka zaro su.

An gama uku, ana kan na ƙarshe, Ɗanlahadi yana fama da famfo, sai ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba.

"Malam, riƙe mani wannan, kada ya faɗi ƙasa."

Malam Sha'ibu ya karɓi sifirin na huɗu. Ɗan siriri ne, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Ya ɗaga shi a rana yana mamakin yadda rayuwar Karsana, da tasa, suka rataya a kan abin da bai kai tsinken tsire ba. Sai ya lura da ɗan maiƙo a jikinsa, da 'yar ƙura da ta manne. Ya dubi bokiti, akwai sauran ruwa a gindinsa. Ya dubi bayan Ɗanlahadi. Ɗauraya ɗaya ce kawai, wa zai sani? Ya matse shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya sunkuya.

Sifirin bai jira ruwa ba. Ya yi tsalle ya bar hannunsa, ya haye saman mota, ya yi ƙyalli sau ɗaya a sararin sama kamar mai ban kwana, ya faɗa cikin tsibin dawar Suwaibatu.

Dawar nan jiya aka sussuke ta, ba a sheƙe ba, tana tare da ƙaiƙayinta a kan tamfal a ƙofar gida, tsibi ya kai ƙugun mutum.

Ɗanlahadi ya miƙo hannu. "Kawo, Malam."

Ba a miƙo masa komai ba.

Ya waiwayo ya ga Malam Sha'ibu a sunkuye a kan bokiti, yatsu biyu a haɗe babu komai a tsakaninsu, ido a kan dawa. Bai buƙaci bayani ba.

"Wanka za ka yi mashi."

"Ɗauraya."

"Malam, babu wani. Ko yanzu na aika Kano, kasuwarku ta ci ta watse kafin ya zo. In babu shi, da ƙafa uku za ta tashi gobe, tarin da za ta yi har Funtua sai an ji."

Dattawa biyu suka durƙusa a kan dawa suna tona da hannu. Kaji suka ga abin ya yi kama da sana'arsu, suka zo taya su. Ƙaiƙayi ya shiga wuyan riga, ya shiga hanci, Ɗanlahadi yana atishawa yana susa. Wani maƙwabci ya kawo mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar rediyo, aka ɗaura masa zare aka ja cikin tsibin. Ya kamo ƙusa, ya kamo marfin kwalba, ya kamo wata allura da aka daɗe ana zargin juna a kanta, amma bai kamo sifirin ba. Aka yi azahar aka dawo aka ci gaba. Duk inda suka tona, dawa sai ta gangaro ta rufe, kamar tana yi masu dariya.

Suwaibatu ta gama tsinkar zogalenta tsaf, ta kai ciki, ta fito da ƙwarya da faifai.

"Ku tashi mani daga kan abinci," in ji ta. "Iska ta taso, dawata zan sheƙa. Abin da ba dawa ba, ba ruwana da shi."

Suka ja gefe suna kaɗe riguna. Ta gyara ɗaurin zani, ta juya wa iska kafaɗa, ta cika ƙwarya ta ɗaga sama da kanta ta karkata. Dawa ta zubo kamar ruwan farkon damina, ja da fari, ƙaiƙayi ya rabu da ita ya bi iska ya tafi gabas. Abin da ya taru a ƙasa ta kwasa a faifai ta bakace, tana kaɗawa tana juyawa, ƙwaya ta koma gefe, tsakuwa da duk wani baƙo su taru a baki, ta tsince ta yar. Tun tana yarinya take wannan aiki, hannunta ya san nauyin dawa kamar yadda harshe ya san haƙoransa. Malam Sha'ibu ya tsuguna a inuwar mota yana kallonta, ya ga rabon da ya tsaya ya kalle ta tana aiki har ya manta.

Tsibi ya yi rabi, sai ya ga faifan ya tsaya a hannunta, tsayawar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Ta tsinci wani abu kamar yadda take tsintar tsakuwa. Amma tsakuwa ƙasa take zuwa, wannan kuwa haɓar zani ya nufa, aka ƙulle. Ba ta dubi kowa ba. Ta ci gaba da sheƙa har ta ga bayan tsibin, ta rufe dawarta, ta ɗauki ƙwarya da faifai, ta haɗa da bokitin Malam da ke gefen mota, ta shige gida.

Ɗanlahadi ya matso ya rage murya. "Malam, ka gani?"

"Na gani."

"To ni ƙarfe na iya gyarawa. Wannan gyaran naka ne."

Malam Sha'ibu ya shiga gida, ya tsaya a ƙofar ɗakin matarsa ya yi sallama kamar baƙo. Tana zaune a bakin gado tana kaɗe ƙaiƙayi daga ɗankwalinta. Ya samu gefen tabarma ya zauna.

"Sannu da aiki, Suwaiba. Dawar ta yi kyau bana."

"Alhamdu lillahi."

"An samu tsakuwa da yawa?"

"Kamar kullum."

"Babu wata 'yar doguwa, mai lanƙwasa?"

Ta ɗaura ɗankwalin, ta dube shi sosai. "Malam, da aka kore shanu na yi kukana na share, don shanu ana sake saye. Ran nan da aka zo aka ce mani motarka ta mutu a hanyar Sabuwa, ina riƙe da muciya, ban san lokacin da tuwo ya ƙone ba. Kai a wace kasuwa zan sake sayo ka? Abin nan yana nan a zanina. In na jefa shi rijiya, gobe kana gida, kuma ba wanda zai ce na yi laifi."

Malam Sha'ibu ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana jan zaren tabarma.

"Gaskiya ne," in ji shi. "Ina gida. Ina yin mi?"

Ta dubi ƙullin da ke haɓar zaninta.

"Sabon turmin nan naki," ya ce a hankali, "na ga kamar ya yi datti."

Dariya ta ƙwace mata ba ta shirya ba, ta rufe baki da gefen mayafi. "Kada Allah ya nuna mani. Har kajina ka so ka yi wa wanka, sai da na ɓoye su a rumbu." Dariyar ta lafa, ta yi ajiyar zuciya. Ta tuna wuyan rigar nan da ya yi masa yawa, da tuwon da take kwashewa kamar yadda ta ajiye. "Na san zamanka a gida. Shi ma wata hanyar Sabuwa ce, sai dai ita a hankali take cin mutum."

Ta kai hannu haɓar zani, amma ba ta kwance ba.

"Ɗanlahadi ya ce ruwa ne ciwonta. Ina zaune na ji, kuma na ga rijiyar da idona. In na ba ka abin nan, ruwa ya bar shiga ƙarƙashin murfin nan har abada."

"Ko ranar Juma'a?"

"Ko ranar Sallah."

"Mai ɗumi fa? Ɗan kaɗan, a ƙoƙo?"

"Malam."

"Baba ya ce dabbar da za ta yi maka wuni…"

"Baba Audi, Allah ya jiƙanshi, shanu ya bar maka, bai bar maka ƙarfe ba. Da ya ga kana cika wa dabba kunne da ruwa har tana faɗuwa a daji, da sandar nan da kake tokare murfi da ita zai bi ka."

Wannan ta shige shi. Ya ga fuskar tsohon, ya ga sandar, ya san ba ƙarya ta yi ba.

"Na yarda," in ji shi.

"Faɗi da kyau, Allah na ji."

"Na yi alkawari. Ba ni ƙara zuba wa injin Karsana ruwa."

Ta kwance ƙullin, ta ɗora sifirin a tafin hannunsa, ta naɗe masa yatsu a kai da hannunta, ta ce kada ya buɗe sai a gaban Ɗanlahadi, kuma kada ya bi ta kusa da randa.

Da Malam ya kai masa sifirin, Ɗanlahadi ya hure ƙaiƙayin da ke jikinsa, ya zaunar da shi, ya zura roba, ya shafa giris, ya danna ta ce ƙwas. Aka mayar da kan batir aka tayar, inji ya ɗauka lafiya lau. Malam Sha'ibu ya fara washe baki, Ɗanlahadi ya ce kada ya yi saurin murna, da la'asar ai kullum mutuniyar kirki ce, safiya ce alƙali. Ya ɗaure jakarsa ya hau babur don ya isa Ƙanƙara da sauran rana.

Washegari Malam Sha'ibu ya dawo daga masallaci, ƙafarsa ta kai shi lungun zaure inda bokiti yake kwana. Babu bokiti. Ya fito ya zagaya Karsana hannu a bushe, raɓa ta kwanta a gilashinta, dattin jiya yana nan a tayoyi. Ya dafa murfin inji ya ba ta haƙuri, ya ce ba laifinsa ba ne, hukunci ne daga sama. Masu kaya sun fara taruwa da buhunansu, kowa ya yi shiru, don duk unguwa an san abin da ake jira. Ya shiga, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli.

Ta ɗauka bugu ɗaya. Babu tari, babu karkarwa, salansa bai ce uffan ba. Sai wani gurnani mai laushi, daidai wa daida, kamar saniya tana tuƙa a inuwa. Tsohuwar nan mai daddawa ta rangaɗa guɗa.

Ya bar ta tana aiki ya shiga gida. Ya tarar da Suwaibatu a tsaye a ɗakinta ta ɗaga waya ta manna a 'yar taga mai kallon ƙofar gida.

"Ka ji ta?" take cewa Mas'udu. "To ka ce wa mutumin naka ya sha zamanshi, ba mu saidawa."

Ta kashe wayar. Malam Sha'ibu ya yi gyaran murya, idonsa yana yawo a ɗakin har ya sauka a gindin gado. Ga bokitinsa nan, an cika shi da dawa har baki, an kifa faifai a kai.

"Suwaiba, tayoyi kawai. Alkawarin ai na inji ne."

"Daga taya ake hawa sama. Na san ka."

Ta jawo wani tsohon zani da ta yage, ta miƙa masa. Ya murza shi a hannu, busasshe ƙayau. Ya saci kallon butar da ke bakin ƙofa.

"Ta alwala ce, Malam," in ji ta, "kuma na san inda ruwanta ya tsaya."

Daga waje wani ya ƙwala kira, rana tana yi, kasuwa ba ta jira. Malam Sha'ibu ya dubi bokiti, ya dubi matarsa, ya girgiza kai yana murmushi. Ya saɓa tsumman a kafaɗa, ya ɗaga labule, ya sunkuya ya fita.